Abin da gara ta bari, na kusa gamawa da shi a dare ɗaya

Akwai wani dare a cikin watan Disamban 2022 da na gode wa Allah saboda an ɗauke wuta. Wanda ya san yadda muke fama da lantarki a Katsina zai ɗauka zolaya nake yi, amma gaskiya ce tsagwaronta. Da wutar ta ƙara 'yan awoyi a wannan daren, da asarar da na tafka ta ninka sau da yawa, kuma da ba ni da wanda zan ɗora wa laifi sai ɗan yatsana.

Tun a 2018 na fara bin gidajen malamai a cikin birni, daga Masanawa zuwa Gambarawa har bakin Ƙofar Guga, ina roƙon magada su buɗe mini gafakokin iyayensu in ɗauki hoton littattafan hannu da suka gada. Wanda bai taɓa yin wannan aiki ba ba zai san wahalarsa ba. Sai ka je gida sau biyar ana ce maka mai makullin ɗakin ya yi tafiya, a na shida ne za a gamsu cewa ba ka zo raba su da gadonsu ba. Idan aka kwance tadarishi, sai ka tarar gara ta ci gefe, ruwan damina ya narkar da tawadar wani shafin, wata takardar kuma mai tambarin wata uku, irin wadda ake kawowa daga Italiya ta Sahara, ta bushe har tana karyewa a hannu. Bayan hotuna, ina zama da dattawan gidan in naɗi muryarsu: wa ya kwafi littafin, a wurin wa ya yi karatu, ta wace hanya ya shigo gidan. Cikin shekara huɗu na tara hotunan shafuka dubbai da hirarrakin da ba zan iya sake yi ba, domin wasu daga cikin masu maganar sun riga mu gidan gaskiya.

Da abin ya fi ƙarfin kwamfutar tafi-da-gidanka, sai na yi amfani da ɗan tallafin bincike da na samu na sayi fayafayan ajiya guda huɗu a Kano, kowanne mai terabait biyu. Wani ɗalibina mai kaifin basira a wannan fanni ya harhaɗa mini su a cikin kwamfuta guda mai manhajar Linux, ya ɗaure su suka zama kamar rumbu ɗaya. Wannan dabara ita ake kira RAID. Masana uku ne na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka fito da sunan a wata maƙala da suka gabatar a 1988. Tana da matakai daban-daban. Namu shi ne na biyar, kuma manhajar da ke kula da shi ana ce mata mdadm, wadda wani ɗan Ostireliya mai suna Neil Brown ya rubuta.

Yadda abin yake aiki bai fi ƙarfin fahimtar almajiri ba. Ɗauki hatimin nan mai gida tara, wanda kowane layinsa idan aka haɗa yake ba da goma sha biyar. A layin sama akwai 4 da 9 da 2. Idan gara ta cinye gidan tsakiya, ba ka yi asara ba, domin ka san jimlar, sai ka cire shida daga goma sha biyar ka mayar da 9 wurinta. Idan kuwa gida biyu ta cinye a layin, kuma layin kaɗai gare ka, to lissafi ya tsaya. Ina jin daɗin wannan misali domin ɗan garin nan ne, Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara da rubutu a kan lissafin irin waɗannan hatimai. Haka kwamfutar take yi: tana yayyanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, ta ɗora gunduwa uku a kan fayafai uku, ta ajiye lissafinsu a kan na huɗu, sannan a layi na gaba ta sauya wanda zai riƙe lissafin. Saboda haka daga terabait takwas, shida ne kawai wurin ajiya, sauran biyun kuɗin tsaro ne. Faifai ɗaya ya mutu, ba a rasa komai. Biyu suka mutu, an shiga uku.

Da ɗalibin ya yi mini wannan bayani, abin da kunnena ya ji shi ne: ba za ka taɓa rasa komai ba. Ba haka ya faɗa ba. Ina tuna ya ce, “Malam, a samu wani faifan dabam a riƙa kwafewa ana ajiyewa a wani wuri.” Na ce masa in sha Allahu idan wani tallafin ya fito. Daga nan na riƙa share katin kyamara da na rikoda duk lokacin da na juye su, hankalina kwance. Na gina rumbuna huɗu a tsakar gida ɗaya, ina ganin na yi maganin gobara.

Da ASUU ta shiga yajin aiki a ranar 14 ga Fabrairun 2022, wanda bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, na kwaso kwamfutar daga ofis na kawo gida domin in yi amfani da zaman wajen mayar da hirarrakin a rubuce. A gida ta koma rayuwa tsakanin wutar gari da janareta da wata tsohuwar inbata mai batir da ya gaji. Abin da ban sani ba shi ne, tun cikin watan Yuli faifai ɗaya ya fice daga tsarin. Kwamfutar ta ci gaba da aiki da uku, tana cike gurbin da lissafi, kamar yadda aka ƙera ta ta yi, ni kuwa ban ga wani canji ba. Manhajar tana da hanyar aika saƙon imel idan irin haka ta faru, sai dai ba mu taɓa rubuta mata adireshin da za ta aika ba. Wata biyar ina tafiya a kan tayar safaya ban sani ba.

Daga baya ne na fahimci cewa faifan ma bai mutu ba, korarsa aka yi. Fayafayan da na saya irin na kwamfutar gida ne, masu araha. Idan irin wannan faifai ya ci karo da wurin da ya kasa karantawa, sai ya nace yana maimaitawa, wani lokaci har minti biyu, ba ya amsa kira. Ita kuwa Linux daƙiƙa talatin take jira, idan ba ta ji amsa ba sai ta ɗauka ya mutu. Fayafayan da aka ƙera domin irin wannan tsari kan haƙura cikin daƙiƙa bakwai su faɗi gaskiya, manhajar ta gyara wurin daga lissafin sauran. Layi ɗaya na saiti ya isa ya daidaita wannan saɓani. Ba mu rubuta shi ba, domin ba mu san da shi ba.

A daren da na ambata, faifai na biyu ya bi sahun na farko. Na kunna kwamfuta, babu ajiya, babu komai. A wannan lokacin, kamar yadda aka tabbatar mini daga baya, kusan dukkan aikina yana nan daram a kan fayafayan. Umarni guda na tilasta haɗa su, wanda ba ya shafe komai, zai iya tayar da tsarin in kwashe kayana. Da na kashe na'urar na je na kwanta, da safe in kira wanda ya sani, da wannan maƙala ba ta samu ba. Amma ni mutum ne mai digiri uku, kuma akwai wani nau'in girman kai da yake kama mai ilimi a fannin da ba nasa ba. Na buɗe murfin kwamfutar na ciccire wayoyin fayafayan, na hure ƙurar hunturu, na mayar da su ba tare da lura da wace waya ce ta wane faifai ba. Da hakan bai yi ba, sai na ɗauko littafin da na rubuta abin da muka yi ranar farko, na ga umarnin da ɗalibina ya buga ya ƙirƙiri tsarin. Na ce a raina, abin da ya haɗa su da farko ai shi zai sake haɗa su. Kwamfutar ta gargaɗe ni cewa waɗannan fayafai suna ɗauke da alamar wani tsari, ta tambaye ni ko in ci gaba. Na amsa mata da e.

A nan ne kunya ta fi kama ni, domin na san wannan kuskure a sana'ata. Littattafanmu na hannu ba a ɗinke suke ba, warwara ne a cikin tadarishi, kuma da yawansu ba su da lambar shafi. Abin da yake riƙe da jerinsu shi ne 'yar kalmar nan da mai kwafi yake ajiyewa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko a shafi na gaba. Idan iska ta watsa littafi, da ita ake mayar da shi. Kowane faifai a tsarin RAID yana da irin wannan alama a kusa da farkonsa, wadda take cewa: ni ne na biyu a cikin huɗu, girman gunduwarmu kaza ne, ajiya ta fara daga wuri kaza. Umarnin da na buga ya goge waɗannan alamomi duka ya rubuta sababbi, bisa jerin da wayoyin da na hautsina suka ba shi. Ni da nake yi wa ɗalibai faɗa idan suka taɓa warƙa biyu a lokaci guda, na watsa littafi na kuma yanke ƙasan kowane shafi. Bai tsaya nan ba. Sabon tsarin ya ɗauki faifan da ya zo a ƙarshen jeri a matsayin fanko, ya fara cika shi da lissafin ƙarya tun daga farkonsa. Wannan faifai kuwa yana cikin biyun da suke da cikakkiyar lafiya. Ina kallon lambobi suna hawa a kan allo ina murna, na ɗauka gyara ake yi. Bayan kamar minti goma aka ɗauke wuta, inbata ta yi ƙara sau biyu ta mutu. Na yi tsaki, na tafi na kwanta.

Da asuba na kira tsohon ɗalibin nawa, wanda a lokacin ya koma Kano da aiki. Na karanta masa abin da na buga. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, sannan ya ce, “Malam, don girman Allah kada ka sake kunna ta. Ko an kawo wuta, cire filogin. Gobe ina hanya.” A shekarun da na koyar da shi bai taɓa ba ni umarni ba sai ranar.

Abin da ya biyo baya kwana tara ne na aikin haƙuri, kuma na koyi darasin hanyar bincike a cikinsu fiye da yadda na zata. Farkon abin da ya yi shi ne liƙa wa kowane faifai takarda ya rubuta lambar da kamfani ya buga a jikinsa, domin haruffan da kwamfuta take kiran fayafai da su suna sauyawa, lambar jiki kuwa ba ta sauyawa. Sai ya ce ba za mu taɓa na asali ba ko kaɗan. Muka nemo wasu fayafai huɗu, biyu na saya, biyu aro, ya kwafe kowanne ɗungurungum da wata manhaja mai suna ddrescue, wadda take fara kwashe wuraren da suke da lafiya kafin ta koma ta lallaɓa masu ciwo. Masu lafiyar sun ɗauki kusan awa shida-shida, na biyun da aka kora ya ci kwana biyu, janareta tana ta shan mai a lokacin da man ma sai an bi layi. Ko a kan kwafin bai yarda a yi rubutu ba. Ya shimfiɗa wa kowanne wani mayafi na wucin gadi, yadda duk abin da gwaji ya rubuta zai sauka a kan mayafin, a yaye shi a jefar a sake sabo.

Daga nan aka shiga neman jeri. Abu huɗu ana iya jera su ta hanya ashirin da huɗu, ga kuma batun inda ajiyar ta fara, domin sabon zubin manhajar da na sabunta a tsakani yana farawa ne daga wani wuri dabam da na 2018. Yawancin gwaje-gwajen ba su nuna komai ba. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya kusa dacewa: sunayen fayiloli suka fito, zuciyata ta buga, na buɗe hoton wani shafi na fiƙihu, sai ga layi biyar na sama sarai da jar tawadarsu, daga nan zuwa ƙasa kuwa wani irin toka-toka kamar talabijin da ya rasa tasha. Ya ce mini ƙaramin fayil ba shaida ba ne, domin zai iya zama a gunduwa guda. Sai hoton da ya ratsa dukkan fayafayan ya buɗe lafiya za a yarda. A dare na shida wani shafi ya buɗe daga basmala har 'yar kalmar ƙasa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Saura ɓarnar minti goma. A wannan yanki na farko, faifan da aka cika da lissafin ƙarya ba shi da amfani, sai muka koma ga wanda aka kora tun Yuli. Ga duk abin da aka ajiye kafin Yuli, shaidarsa ingantacciya ce, kuma da ita muka ceto tsofaffin hotuna. Ga abin da ya shigo bayan Yuli kuwa bai san komai ba. Yawancin sababbin fayilolin sun sauka can ciki inda ɓarnar ba ta kai ba, amma 'yan kaɗan sun faɗa a wannan yanki, a gurbin wasu tsofaffin kwafe-kwafe da na share. A cikinsu akwai hirar awa biyu da na yi a watan Satumba da wani dattijo mai shekara kusan casa'in, wanda ya lissafo mini silsilar malaman gidansu da littattafan da kowanne ya karantar. Ya rasu a watan Nuwamba. Girman gunduwar tsarinmu kilobait 512 ne, wanda a irin naɗin da nake yi bai wuce daƙiƙa uku na magana ba. Saboda haka hirar ta dawo, amma a yayyage: muryarsa ta fito daƙiƙa uku ko shida, sai ƙara mai huda kunne, wani lokaci ma sai muryar wata tsohuwa daga hirar da na share ta kutso, sannan ya dawo a tsakiyar wani suna. Kusan rabin maganarsa yana nan, sai dai babu jimla guda doguwa da ta tsira.

Na sha jin abokan aiki suna ambaton Timbuktu idan ana maganar asarar littattafai, inda a watan Janairun 2013 'yan bindiga suka ƙone ko suka salwantar da littattafan hannu fiye da 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, yayin da Abdulƙadir Haidara da abokansa suka riga suka kwashe dubun-dubatai zuwa Bamako. Wannan labari yana sa mu ɗauka cewa maƙiyin ilimi kullum da bindiga yake zuwa, kuma maganinsa shi ne a ɗauki hoto a zuba a kwamfuta. Ni dai abin da na gani ya saɓa. Takardar da na ɗauki hotonta ta yi shekara ɗari da wani abu a cikin gafaka, ta jure gara da damina da rabon gado. Hoton nata bai cika shekara biyar ba ya kusa salwanta. Takarda tana lalacewa a hankali kuma a gaban idonka, faifai kuwa yana tafiya gaba ɗaya, ba sallama. Ba kuma matsalar talauci ba ce kaɗai. A 1998 kamfanin Pixar na Amurka ya kusa rasa fim ɗin Toy Story 2 saboda umarnin sharewa da aka buga bisa kuskure, ajiyar da suka dogara da ita ta ƙi aiki, sai kwafin da wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, take da shi a gida saboda tana jego ne ya cece su.

Abin da ya fi damuna shi ne na san ba ni kaɗai ba ne. A jami'o'inmu ana samun kuɗin sayen na'ura, amma da wuya a ware na kula da ita. Ana ƙaddamar da aikin adana tarihi da jawabai, bayan shekara uku kuwa wanda ya san yadda aka harhaɗa na'urar ya kammala karatu ya tafi, kalmar sirri tana kansa, babu takarda guda da ta bayyana tsarin. Kundayen digiri nawa ne suke zaune a kan faifai ɗaya tak a cikin jakar mai su? A ganina bai kamata a amince da wani aikin tattara tarihi ba sai mai shi ya faɗi inda kwafi na biyu da na uku za su zauna, kuma ɗaya daga ciki ya kasance a wani gari, a wuri irin Gidan Arewa da ke Kaduna ko wani ɗakin adana da ya yarda ya karɓa. Kuma a riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci ana dubawa, domin ajiyar da ba a taɓa gwada maidowa ba zato ce kawai. Ni yanzu kwafi uku nake da su, ɗaya yana Zariya a hannun wani abokin aiki, kuma kowane gida da na ɗauki hoton littattafansa na mayar masa da nasa a kan katin ajiya, abin da ya kamata in yi tun farko ko don ladabi. A jikin murfin kwamfutar kuma akwai takarda manne da jerin fayafai da lambobinsu da girman gunduwa, a rubutun hannuna.

Na yi wata biyu ina jinkirin zuwa gidan dattijon nan. Daga ƙarshe na je bayan sallar la'asar, na samu babban ɗansa a zaure, wanda shi kansa ya ba sittin baya. Na faɗa masa abin da ya faru ba tare da na laɓe bayan na'ura ba, na ce ni na yi. Na kunna masa abin da ya saura. Ya saurara kansa a sunkuye, duk lokacin da muryar ta yanke sai in ga leɓɓansa suna motsi. Can sai ya ɗaga hannu ya ce, “Dakta, mayar da shi baya kaɗan. Nan wurin sunan kakansa na wajen uwa zai faɗa. Ai ina zaune ranar, ni na kawo muku shayi.”

Muka yi zama uku. Ina kunna daƙiƙa uku, yana cike abin da ya iya tunawa, inda bai tabbata ba ya ce bai tabbata ba, inda ya manta ya ce in bar wurin a buɗe. Sunaye goma sha ɗaya ne a silsilar. Mun samu takwas da muryar mahaifin, biyu da ta ɗan. A rubutun da na fitar na sa maganar mahaifin da baƙar tawada, ta ɗan da ja, kamar yadda masu kwafi suke bambanta matani da sharhi. Gurbi na bakwai har yau fari ne.